Ruɓar da Ake Maraba da Ita: Nazari Kan Giyar Inabin da Aka Jinkirta Tsinkarsa

Kowane manomi ya san cewa amfanin gona in ya nuna ba a wasa da shi. Tumatir ya yi ja, a tsinke. Gero ya bushe, a girbe, tun tsuntsu da gara ba su raba mutum da guminsa ba. Amma akwai wasu manoman inabi a nahiyar Turai waɗanda suka shafe ƙarni uku zuwa huɗu suna saɓa wa wannan ƙa'ida da gangan. Inabinsu yakan nuna sarai a watan Satumba, maƙwabta su tsinke nasu su gama, su kuwa su bar nasu a jikin kuranga har Oktoba ko Nuwamba, wani lokaci ma har Janairu, suna kallo yana yamushewa, launinsa yana dafewa, fumfuna tana lulluɓe shi. Da ɗan ruwan da suke matsewa daga wannan inabi mai munin gani ake yin giya mafi zaƙi, wadda kuma take cikin mafiya tsada a duniya.

Haramcin giya ga Musulmi sanannen abu ne, kuma wannan darasi bai zo don kwaɗaitar da kowa ba. Abin da ya kawo mu shi ne ilmin halittar da ke cikin al'amarin, domin da wuya ɗalibi ya sami misali guda da ya tara masa nunar 'ya'yan itace, da cutar tsiro, da tafiyar ruwa a tsakanin ƙwayoyin halitta, da rayuwar yis, kamar yadda wannan ya tara. Duk siffofin da aka san irin wannan giya da su, wato zaƙinta, da kaurinta, da launinta na zinariya, da ƙamshinta, da daɗewar da take yi ba ta lalace ba, tushensu ɗaya ne: an raba ƙwayar inabi da ruwanta tun tana rataye a gona. Bambancin da ke tsakanin wannan nau'i da wancan kuwa yana komawa ne ga abin da ya janye ruwan.

Yadda ƙwayar inabi ke nuna

Ɗanyen inabi kore ne, mai tauri, mai tsamin gaske. Asid iri biyu ne ke kawo wannan tsami. Na farko shi ne tatarik, wanda mai karatu ya riga ya san ɗanɗanonsa, domin shi ne tsamin da ke cikin tsamiya. Na biyu shi ne malik, irin wanda ke cikin ɗanyar tuffa. Kimanin makonni shida zuwa takwas bayan fure, sai ƙwayar ta shiga wani sabon mataki: ta yi laushi, launinta ya juya, sukarin da ganye ya haɗa da hasken rana ya fara kwararowa cikinta ta jijiyoyin da ke rarraba abinci a jikin tsiro. Sukarin yana isowa ne a matsayin sukuros, irin na rake, amma da zarar ya shiga sai wani enzayim ya tsaga shi gida biyu, gulukos da furuktos. A daidai wannan lokaci ƙwayar tana ƙona asid ɗin malik wajen numfashinta, kuma gwargwadon zafin gari, gwargwadon saurin ƙonewarsa. Tatarik kuwa ba ya ƙonewa haka. Sai dai ruwa ya tsarma shi.

Idan inabi ya kai maƙurar nuna, kowace lita ta ruwansa tana ɗauke da sukari kimanin giram 200 zuwa 240. Daga nan sai kwararar abinci daga uwar kuranga ta ragu har ta tsaya. To, a nan ne ɗalibai da yawa ke kuskuren fahimta, suna zaton inabin da aka bari a gona yana ci gaba da tara sabon sukari ne. Ba haka abin yake ba. Ruwa ne ke fita ta ɓawo, sukarin da ke nan ya taru a ɗan ƙaramin wuri, kamar yadda miya ke yin kauri da gishiri in an bar ta a kan wuta. Manomi yana sayen zaƙi ne da nauyin amfaninsa.

Hanyoyi uku ne ruwan ke fita. Rana da busasshiyar iska suna iya shanya inabin a jikin kuranga har ya doshi zama zabibi. Sanyi yana iya daskarar da ruwan ya zama ƙanƙara. Sai kuma hanya ta uku, wadda ta fi kowace ban mamaki, wato fumfuna.

Botrytis cinerea

Sunan wannan fumfuna ya faɗi kamanninta. Kalmar botrys da Girkanci tana nufin nonon inabi, domin idan aka duba ta da madubin ƙara girma za a ga ƙwayoyin irinta sun taru a kan wani siririn kara tamkar nonon inabi. Cinerea kuwa da Latin tana nufin mai launin toka. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Italiya, Pier Antonio Micheli, shi ya fara bayanin wannan dangi a 1729, sannan Christiaan Persoon ya raɗa wa wannan nau'i suna a 1794. Ba abokiyar manomi ba ce ko kaɗan. Tana kama tsirrai fiye da iri 200, har da tumatir, da latas, da wake, da furannin ado, tana ruɓar da su a gona da kuma a rumbun ajiya. A 2012 mujallar Molecular Plant Pathology ta nemi ra'ayin masana kan fumfunonin da suka fi muhimmanci a cututtukan tsirrai, sai Botrytis ta zo ta biyu, tana bin bayan wadda ke ƙone shinkafa.

Dabararta ita ce ta kashe nama sannan ta ci. Sau da yawa tana shiga inabi tun lokacin fure, ta lafe shiru, saboda ɗanyar ƙwaya tana da makamai: tsami mai yawa, da ɓawo mai ƙarfi, da wasu sinadarai na kariya. Ɗaya daga cikinsu shi ne resberatrol, wanda masu bincike biyu a Ingila, Langcake da Pryce, suka nuna a 1976 cewa kurangar inabi tana ƙera shi idan wannan fumfuna ta taɓa ta. Amma yayin da ƙwaya ke nuna, makaman suna raunana, ɓawo yana yin 'yan tsage-tsagen da ido ba ya gani. Sai fumfunar ta farka, ta tura siraran zarurrukanta cikin ɓawon, ta zubo enzayim masu narkar da fektin, wato ƙaron da ke manne ƙwayoyin halittar tsiro da juna.

Daga wannan gaɓa hanya ta rabu biyu, kuma yanayin sama ne ke zaɓar wadda za a bi. Idan laima ta ɗore dare da rana, ko aka yi ta ruwa, fumfunar takan yi girma ba linzami. Ƙwaya ta kumbura ta fashe, ƙananan ƙudaje su zo, bakteriya masu yin tsamin khal su biyo su, wasu fumfunonin irin su Penicillium da Aspergillus su shigo, nono duka ya koma ruɓaɓɓen abu mai wari. Wannan ita ce ruɓa mai launin toka, kuma asara ce tsagwaronta. Amma idan safiya ta kasance da laima, rana kuma ta fito da hantsi ta busar da gona, to fumfunar tana samun abin da za ta rayu da shi ne kawai, ba ta samun na yin ɓarna. Takan tsaya a cikin ɓawo da ɗan abin da ke ƙarƙashinsa. Ɓawon da ta narkar ya zama kamar rariya, bai fashe ba amma ba ya iya riƙe ruwa. Cikin kwana goma zuwa mako biyu, ƙwayar ta tashi daga ruwan zinariya zuwa ruwan ƙasa, sannan ta yamushe, nauyinta ya ragu da rabi ko fiye, sukarinta ya haura giram 350 a lita. Faransawa suna kiran wannan pourriture noble, Jamusawa kuma Edelfäule, ma'anar duka biyun ita ce ruɓa mai daraja. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Siwizalan, Hermann Müller-Thurgau, ya wallafa cikakken bincike a kanta tun 1888.

Ya kamata a lura da wannan sosai: fumfuna ɗaya ce, nau'i ɗaya. Babu wata Botrytis ta kirki da wata ta banza. Ɗalibin da ya riƙe wannan ya fahimci babbar ƙa'idar ilmin cututtukan tsirrai, cewa cuta ba ta samuwa sai abu uku sun haɗu: mai kawo cuta, da tsiron da zai karɓe ta, da yanayin da ya dace.

Aikin fumfunar bai tsaya ga huda ɓawo ba, domin tana sauya sinadaran ƙwayar gaba ɗaya. Tana cin wani kaso na sukarin, kuma ta fi son gulukos, don haka furuktos, wanda ya fi zaƙi a harshe, yake rinjaye. Tana cin asid, musamman tatarik. Ba don haka ba, da tsamin ya taru ya yi yawa kamar yadda sukari ya taru. Tana fitar da gilisarin, shi dai wanda ake sa wa a man shafawa, da asid ɗin gulukonik, wanda masu awo ke amfani da shi a matsayin shaidar cewa fumfuna ta ratsa inabi. Tana kuma da wani enzayim mai suna lakeis da ke haɗa sinadaran launi da iskar oksijin, shi ya sa ruwan ke fitowa da launin zinariya ko na zuma. Wannan enzayim ɗin yana lalata jan launi ya mai da shi ruwan ƙasa, kuma dalilin ke nan da ya sa kusan duk giyar da ake yi ta wannan hanya daga farin inabi ake yin ta. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, aka wallafa a 2015, ya ƙara nuna cewa ita ma ƙwayar ba a kwance take tana jiran mutuwa ba: shigar fumfunar tana tayar da wasu ƙwayoyin gadonta da ke barci, har farin inabi ya fara ƙera sinadaran launin da a bisa al'ada sai jan inabi ke yin su.

Koguna biyu da hazon safiya

Wuraren da yanayi ke bayar da wannan daidaito ba su da yawa, kuma kusan dukansu a bakin ruwa suke. Yankin Sauternes yana kimanin kilomita 40 kudu maso gabashin birnin Bordeaux a Faransa. A nan wani ƙaramin kogi mai suna Ciron, wanda ke ratsowa ta ƙarƙashin inuwar daji da ruwansa mai sanyi, yake faɗawa cikin babban kogin Garonne mai ɗumi. Da kaka, haɗuwar ruwan biyu takan tayar da hazo mai laima da ke kwanciya a kan gonaki tun daga dare har hantsi. Kada mai karatu ya kwatanta shi da hazon hunturunmu, wanda ƙura ce busasshiya. Wannan tururin ruwa ne da ke jiƙa ganye kamar raɓa. Irin inabin da aka fi shukawa a can, Sémillon, ɓawonsa siriri ne, fumfuna ba ta shan wahalar shiga. A arewa maso gabashin Hungari ma haka abin yake, inda kogin Bodrog ke haɗuwa da Tisza a garin Tokaj, haka kuma a gaɓar kogin Rhine da na Mosel a Jamus.

Fumfuna ba ta kama gona a rana ɗaya, ba ta ma kama nono guda a lokaci ɗaya. Saboda haka masu tsinka sukan zagaya gona sau biyar ko shida, wata shekara har fiye da sau goma, suna zaɓar ƙwayoyin da suka yi daidai suna barin saura. Doka ta hana manomin Sauternes ya wuce lita 2,500 a kowace hekta, wato kusan rabin abin da maƙwabtansa masu giyar yau da kullum ke samu. Shahararriyar gonar nan ta Château d'Yquem, wadda aka ɗora a saman duk sauran a jerin darajar da aka tsara a 1855, takan tsaya a wajen lita 900, abin da ake kwatantawa da cikin kofi ɗaya daga kowace kuranga. Kuma kowace ranar jira caca ce da ruwan sama. A 1964, da 1972, da 1974, da 1992, da 2012, gonar ba ta fitar da ko kwalba ɗaya da sunanta ba, domin abin da aka samu bai kai matsayin da ta gindaya wa kanta ba. Aikin shekara guda ke nan, da kuɗin ƙwadago, da komai.

Game da yadda aka gano wannan hanya, kowane yanki yana da tatsuniyarsa, kuma abin lura shi ne duk sun yi kama da juna. A Tokaj ana cewa tsoron harin sojojin Daular Usmaniyya ne ya sa aka jinkirta tsinka wajejen 1630, amma kalmar aszú, wadda ke nufin irin wannan yamusasshen inabi, ta riga ta bayyana a wata takardar gado ta 1571. A Jamus ana ba da labarin gonar Schloss Johannisberg, wadda a 1775 take ƙarƙashin basaraken coci na garin Fulda. Ba a tsinka sai da izininsa, manzon da ke ɗauke da takardar izinin kuma ya makara da kusan mako biyu, kafin ya iso inabi ya ruɓe. Aka matse shi a kan dole, sai aka sami abin da ba a taɓa zato ba. Gaba ta kai su, gobarar Titi. Har yau akwai mutum-mutumin wannan mahayi a harabar gidan. A ganina ba sai an ɗauki waɗannan labarai da nauyi ba. Manoman da suka yi ɗaruruwan shekaru a bakin kogi mai hazo ba sa bukatar manzo ya makara kafin su lura cewa yamusasshen inabi ya fi zaƙi.

Wahalar da yis ke sha

Bayan an matse inabi, sauran aiki na yis ne, wato Saccharomyces cerevisiae, shi dai wanda ke kumbura burodi. Yana cin sukari ya fitar da sinadarin barasa da iskar kabon dayoksaid. Ƙa'idar lissafin mai sauƙi ce: kimanin giram 17 na sukari a lita yana ba da kashi 1 cikin 100 na barasa. Ruwan inabin da ke da giram 220 zai ba da kashi 13, sukari ya ƙare, giya ta fito ba zaƙi. Amma mu ɗauki mai giram 350. Da yis zai iya cinye shi duka, da barasar ta haura kashi 20, shi kuwa ba ya jure hakan. Barasar da ya yi da kansa ita ke kashe shi in ta kai wajen kashi 14 ko 15. A lokacin ya ci giram 240 ne kawai, saura fiye da 100 na nan a cikin giyar, wato daidai da abin da ke cikin lemon kwalba ko ma fiye. Kuma da yake shi ma yis gulukos yake fara ci, yawancin abin da ya rage furuktos ne.

Tun kafin barasa ta dame shi ma, sukarin kansa azaba ne a gare shi. Ruwa yana ratsa fatar ƙwayar halitta ne daga inda abu ya tsarmu zuwa inda ya yi kauri, abin da ake kira osmosis. Ƙwayar yis da ta faɗa cikin ruwa mai sukari da yawa, ruwan jikinta ne zai riƙa tsiyayewa waje. Wannan shi ne sirrin zuma, wadda sukarinta ya kai kusan kashi 80 cikin 100, shi ya sa take shekaru ba ta ruɓe ba. Shi ne kuma sirrin busasshen dabino. Don ya kare kansa, yis yakan tara gilisarin a cikinsa, ya sa cikin ya yi kauri daidai da waje. A 1993 ne aka gano jerin sinadaran da ke isar da wannan saƙo a cikin ƙwayar yis. Sai dai ƙera gilisarin yana karkatar da ma'aunin sinadaran cikinsa, kuma wajen daidaita ma'aunin yakan fitar da asid ɗin asetik, wato tsamin khal. Shi ya sa irin wannan giya take ɗauke da asetik fiye da sauran, har dokokin Turai suka ɗaga mata iyaka ta musamman. A kan wannan kuma, fumfuna ta riga ta cinye yawancin naitirojin da bitamin B1 da yis ke bukata. Ga yunwa, ga ƙishirwa a tsakiyar ruwa. Aikin da kan ɗauki mako ɗaya ko biyu sai ya ɗauki watanni. Idan mai yin giya ya ga zaƙi da barasa sun kai inda yake so, sai ya sanyaya ta, ya zuba mata sinadarin farar wuta, ya tace, don yis ya tsaya cak.

Ɗalibi yana iya ganin wannan da idonsa ba tare da inabi ba. A sami kwalabe biyu, a zuba wa kowace ruwan ɗumi rabin kofi da ƙaramin cokali na yis ɗin burodi. A sa wa ta farko sukari babban cokali ɗaya, ta biyu kuma cokali shida, a kaɗa sosai, a ɗaura balan-balan a bakin kowace. Hankali zai ce mai yawan abinci ita za ta riga kumbura balan-balan, amma ta farkon ce za ta riga. Masu gidan burodi sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke ƙara yis ga ƙullin da ya sha sukari.

Halin kowane nau'i

Masana ɗanɗano suna cewa zaƙi kaɗai ba ya yin giya mai daraja. In babu tsamin da zai tare shi, abin yakan zama kamar ruwan alewa, ya gundiri harshe. Saboda haka inabin da aka fi so don wannan aiki shi ne mai riƙe tsaminsa har ƙarshen kaka, irin su Riesling na Jamus, da Furmint na Hungari, da Chenin Blanc na kwarin Loire. Ƙamshin da suke ambata ga wadda fumfuna ta taɓa shi ne na zuma, da busassun 'ya'yan itace, da ɓawon lemo da aka dafa da sukari, da ɗan yaji-yaji kamar na citta. Masana sinadarai sun gano tushen wasu daga ciki. Akwai sotolon, wanda shi ne ainihin sinadarin da ke ba hulba ƙamshinta, da fenil'asetaldehaid mai ƙamshin zuma. A ɗaya gefen kuma fumfunar tana rushe sinadaran ƙamshin fure da wasu nau'o'in inabi suka gada, har ya zama giyar ta fi ɗaukar halin fumfuna a kan halin inabin da aka yi ta da shi.

Jamusawa, bisa dokarsu ta 1971, suna jera darajar giya ne gwargwadon nauyin ruwan inabi a ranar tsinka. Ma'auninsu shi ne na Oechsle: idan lita ɗaya ta yi nauyin giram 1,090, an sami digiri 90 ke nan. Spätlese, wadda ma'anarta ita ce tsinkar baya, ita ce matakin farko na jinkiri, kuma sau da yawa fumfuna ba ta taɓa ta ba. Tana da sauƙi, da ƙamshin nunannen 'ya'yan itace, wata ma ba ta da zaƙi sam idan an bar yis ya gama aikinsa. Wannan ya nuna cewa jinkirta tsinka ba lallai ne ya haifar da zaƙi ba. Daga ita sai Auslese, sai Beerenauslese, sai ƙololuwa, Trockenbeerenauslese, wadda ba ta yin ƙasa da digiri 150. A wannan mataki yis yakan gaji da wuri, barasa ta tsaya a kashi 6 zuwa 8, giya ta fito da kauri kamar mai. Ta Sauternes kuwa ta fi ƙarfi, kashi 13 zuwa 14, kuma takan kwana shekara biyu ko uku a gangar itacen oak, ta ɗauki ƙamshinsa. Yankin Alsace na Faransa ya sami nasa tsarin a 1984.

A Tokaj hanyar daban ce. Ana tsinto yamusassun ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, a jiƙa su a cikin ruwan inabi ko sabuwar giya na kwana ɗaya ko biyu, sannan a matse. A da ana ƙirga zaƙi ne da yawan kwandunan da aka zuba wa ganga mai lita 136, kowane kwando, wanda suke kira puttony, yana ɗaukar kimanin kilo 25. Tun daga 2013 doka ta ce duk abin da za a kira Aszú sai sukarinsa ya kai giram 120 a lita. Akwai kuma Eszencia, ruwan da ke ɗigowa da kansa daga tarin ƙwayoyin saboda nauyinsu, ba tare da matsa ba. Sukarinta ba ya kasa giram 450 a lita, yis yakan yi shekaru yana fama bai wuce 'yan kashi kaɗan na barasa ba. A wajen masanin halitta, wannan ita ce iyakar inda yis ke iya rayuwa.

Giyar ƙanƙara ba ta bukatar fumfuna, an ma fi son inabin ya kai hunturu lafiyayye, a cikin ragar da ke kare shi daga tsuntsaye. Ana jira sanyi ya kai digiri 7 ƙasa da sifiri a Jamus, ko digiri 8 a Kanada, sai a tsinka, yawanci da dare, a matse tun yana daskare. Ruwa zalla ne ke fara zama ƙanƙara, ya maƙale a cikin matsa, ɗan kakkauran ruwan sukari ya tsiyayo. Da yake babu abin da ya ci asid ɗin, zaƙi da tsami duka suna fitowa da kaifi, ƙamshin kuma na inabin ne tsantsa. Lardin Ontario na Kanada ya yi suna a wannan fanni tun 1991, lokacin da giyar kamfanin Inniskillin ta ci babbar lambar yabo a baje-kolin Bordeaux. A Jamus kuwa ɗumamar yanayi ta fara taɓa sana'ar, domin a hunturun 2019 zuwa 2020 kusan duk yankunan ƙasar sun jira wannan sanyi bai zo ba.

Nahiyarmu ma tana da nata kaso. A Constantia, kusa da birnin Cape Town, gonar da Simon van der Stel ya kafa a 1685, rana da iska ne ke shanya inabin Muscat a jikin kuranga. Giyar wurin ta shahara a fadojin Turai a ƙarni na 18 da na 19, har ana aika wa Napoleon ita a tsibirin Saint Helena inda aka tsare shi. Cututtukan kuranga sun durƙusar da ita a ƙarshen ƙarni na 19, sai a 1986 aka farfaɗo da ita. Da yake fumfuna ba ta da hannu a ciki, ƙamshin furen Muscat yana nan bai rushe ba.

Dukansu kuma suna daɗewa ƙwarai, wasu kwalabe fiye da shekara ɗari, saboda sukari da asid da farar wuta sun taru sun hana ƙananan halittu sakat. Abin da ke sauyawa a hankali shi ne launi, daga zinariya zuwa ruwan ƙasa mai duhu, yayin da sukari ke haɗuwa da sauran sinadarai.

Da aka nemi gajeriyar hanya

Abin da ke da wuyar samu kuma yake da tsada, ba ya rasa masu jabunsa. A farkon shekarun 1980 kasuwar Jamus ta Yamma tana sayen giya mai zaƙi daga Ostiriya da yawa, a farashi mai rahusa. Wasu 'yan kasuwa suka ga cewa in sun zuba sukari kawai, masu awo za su gane. Sai suka koma ga wani sinadarin masana'antu mai suna dayetilin gilaikol, dangin wanda ake zubawa a lagireton mota a ƙasashen sanyi don kada ruwa ya daskare. Yana da zaƙi, yana da kauri, wato yana kwaikwayon abin da gilisarin da furuktos ke yi a baki, sai giyar banza ta yi kama da ta inabin da aka jinkirta. Amma guba ne. Jiki yana mai da shi wasu asid masu lalata ƙoda da jijiyoyi. Asiri ya tonu a 1985. Aka janye miliyoyin kwalabe daga kasuwa, ƙasashe da dama suka hana shigo da giyar Ostiriya, aka ɗaure wasu daga cikin masu laifin, abin da ƙasar ke fitarwa waje kuma ya faɗi zuwa kimanin kashi ɗaya cikin goma na yadda yake a da. A cikin shekarar majalisar dokokin ƙasar ta kafa sabuwar dokar giya, wadda aka ƙidaya cikin mafiya tsanani a Turai, kuma sai da aka shafe kimanin shekara goma sha biyar kafin cinikin ya koma matsayinsa na farko.